Sallama a Bakin Siminti

Ƙarfe goma da kwata na safe ne, ranar kasuwar Kankia. Mu uku ne: ni, da Arɗon wata ruga ta wajen Kaikai, da wata tsohuwa mai sayar da nono. Ni ke rubuta wa mutane wasiƙa a bakin tasha, don haka takardar koken Arɗo tana hannuna.

Ga yadda aka yi, bi da bi. A shekarun da kuɗin man fetur suka shigo, wani Alhaji ɗan kwangila ya sayi filin tsamiya, inda tun ina yaro ake tsayawa a faɗi koke a gaban jama'a. Ya sare tsamiyar, ya gina shaguna, ya shafe tsakiya da siminti. 'Yan kasuwa suka koma ciki, jama'a ta bi su. Daga baya ya sayi gona ya kewaye ta da waya, wayar ta datse burtalin da shanun Arɗo ke bi zuwa mashaya. Arɗo ya je ofis sau biyu, ana ce masa ya dawo. Sai ya ce a karanta kokensa inda mutane suke, ko kunya ta sa a buɗe hanya.

Da muka isa bakin simintin, Arɗo ya tuɓe takalmi, ya yi sallama. Mu ma muka tuɓe. Ba wanda ya taɓa yi wa tsamiya sallama, amma daɓen ya yi mana kama da zauren mutum.

Alhaji ya fito yana dariya. "Arɗo, nono kuka kawo ko rigima?"

"Magana ce, ranka ya daɗe, a gaban jama'a."

"Ai da bakinka ka yi sallama, ka san gida ne ke nan. Mai saye ya shigo, mai magana ya nemi wani wuri."

Tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, a nan uwarka ke sayen nono wurina."

"Inna, har gobe ki sayar. Takarda ce ban yarda da ita ba."

Masu shaguna suka sunkuyar da kai, duk haya suke yi. Muka koma gefen titi, na karanta takardar daga farko har ƙarshe. Motocin Kano na wucewa, ni kaina ban ji muryata ba. Kafin damina ta faɗi, Arɗo ya kwashe shanunsa ya yi kudu. Wayar na nan har yau.

Mai karatu, in ka san wurin da mutane ke taruwa wanda har yanzu ba shi da mai shi, ka je ka gani da idonka tukuna, sannan ka zo ka faɗa mini inda yake.