Sallar da Na Tara wa Autana Gajiya a Kafaɗa

Matso kusa ki ji, 'yar'uwa, don wannan Sallar ko na tsufa ba za ta fita raina ba. Muna zaune a unguwar Al-Oud can ƙasar Larabawa lokacin, autana yana shekara sha ɗaya, ya shiga wasan besbol a makarantarsu. Shi ne mai jefa ƙwallon, wani ya make da sanda. Ni da ko baƙala, kantin unguwa, sai an ja ni, ranar da na je fili na ga jifarsa na dawo gida bakina har kunne.

Kocinsu ya ƙayyade masa jifa nawa zai yi a rana, in ya cika sai hutu. Ni kuwa na ɗauka dokar ta fili ce kawai.

Ranar Sallah baƙi suka yi ta shigowa. Na jingina katifa a bangon soro, duk wanda ya ci ya sha sai in ce, "Auta, zo ka nuna wa Kawu." Ya jefa, katifa ta ce dim, a yi ta mashaAllah, ni ina ta washe baki kamar ni na jefa. Tun hantsi har la'asar.

"Umma, koci ya ce yau hutu ne."

"Koci ya san Kawunka ya taso tun daga unguwar Sulay? Yalla, maza, ɗaya kawai."

Da aka zuba tuwo, yaro ya kasa kai loma baki don ciwon kafaɗa. Ga wasan ƙarshe saura kwana huɗu. Na dafa ruwa, na ɗauko tawul zan gasa shi kamar mai jego, sai ga maƙwabciyata, nas ce 'yar Zariya.

"Maman Auta, haihuwa ya yi?" Ta ƙwace tawul ɗin tana dariya har da hawaye, ta ɗora masa ƙanƙara. Ta ce kafaɗar yaro ɗanya ce, ba ta san fili da soro ba, jifa jifa ce.

Likita ya ba shi hutun wata guda. A benci ya kalli wasan, wannan ya fi min zagi ciwo.

Da ya warke na sayi carbin yatsa mai dannawa. Duk jifa in danna, lissafi na cika in ce halas, ya isa, ko Kawun waye ya zo. Na gane yabon baƙi ba ya gyara kafaɗa. Ke fa, sau nawa kika ce wa naki ɗaya kawai?