Ciwon Ciki Muke Cewa

A danginmu mace ba ta mutuwa da komai sai ciwon ciki. Haka aka ce da kakarmu ta rasu a Ajingi, haka aka ce ranar da aka dawo da gawar mahaifiyarmu garin Kademi. Masu ta'aziyya su tambaya, Iya, yayar mahaifiyarmu, ta amsa kafin kowa ya buɗe baki.

Da jini ya fara zubar wa Yayata ba a kan lokacinsa ba, wajen malamar Islamiyya ta nufa, tana tambayar ko za ta yi salla. Malama ta ce jinin ciwo ne, ta yi wanka ta ci gaba da ibada. Ban ga laifin malama ba, abin da aka tambaye ta shi ta amsa. Shekara guda Yaya tana alwala sau biyar, tana shanya tsummoki a bayan rumbu, tana murna salla ba ta wuce ta ba.

Sai da ta kasa tashi muka ɗauki mota daga Gaya zuwa Kano. Likita ta ce sankarar bakin mahaifa ce, kuma mun makara. Ta ce ƙwayar cuta ke kawo ta, amma akwai dangin da jikinsu bai cika iya ture ta ba. Sai ta tambaya ko wata ta taɓa yi a gidanmu.

"Babu," in ji Yaya, da gaskiyarta.

Iya tana zaune a gefe tana gyara mayafi.

Ranar da muka yi wa Yaya wankan gawa, ni ke zuba ruwa, Iya na cuɗawa, sai ta ce a hankali, "Sak na uwarku. Sak na Kaka."

"Iya, ashe kin sani?"

"In na faɗa, wa zai auri 'ya'yanku?"

Har yau ban yafe mata ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ranar sadakar uku wata baƙuwa daga ƙauyen Balan ta tambaya me ya sami Yaya. Iya ta buɗe baki, na riga ta. Na faɗi sunan ciwon da ƙarfi, yadda 'ya'yan Yaya mata uku da ke rabon gumba za su ji.

Tun ranar Iya ba ta amsa gaisuwata. Babbar 'yar Yaya kuwa, washegari ta zo da mayafinta a kafaɗa, ta tambaye ni inda ake gwajin ciwon.