Gangaren da Ntate Letlatsa Ya Hana

Ntate Letlatsa, wato Baba Letlatsa a harshenmu, ya dawo daga aikin haƙar zinariya a Welkom yana da shekara arba'in da biyar. Abin da ya zo da shi akwatin ƙarfe ɗaya ne, sai wani tari da ya kama ƙirjinsa ya ƙi saki. Matarsa ta riga ta rasu, 'yarsa tilo tana aure a Mafeteng. A ƙauyenmu, Ha Rantsho, yana da 'yar gona da tumaki bakwai, kuma duk mun ɗauka zai zauna ne ya sha rana a jikin bangon ɗakinsa kamar sauran waɗanda mahaƙa ta sallamo.

Bai zauna ba. Kullum da safe sai ya yafa bargonsa, ya saɓa shebur da sandar ƙarfe, ya hau hanyoyin dawaki yana gyara. Inda ruwa ya fara cin hanya sai ya yanka masa 'yar magudana ya karkatar da shi gefe. Inda ƙasa ta zame sai ya jera duwatsu. Babu wanda ya sa shi. Maza in sun wuce a kan dawakinsu sai sun tsokane shi.

"Ntate, yaushe aka naɗa ka ministan hanyoyi ba mu ji a rediyo ba?"

"Ranar da jakinka ya karya ƙafa za a sanar," in ji shi, ko ɗago kai ba ya yi.

Shekara ashirin yana wannan aiki kafin kekuna su shigo kwarinmu.

Ni ne Motebang. A da ina raka baƙi a kan doki daga masaukin da ke bakin kwari. Da baƙin suka fara zuwa da kekunan hawan dutse a ɗaure bayan motocinsu, daga Bloemfontein da Johannesburg har da Turai, sai mai masaukin ya ba ni keke da gwangwanayen fenti uku, ya ce in fitar musu da hanyoyi. Na san manyan hanyoyi, amma ƙananan da ke ratsa bayan tsaunuka mutum ɗaya ne ya san su duka. Na je na sami Ntate Letlatsa.

"Keke?" ya ce. "A kan dutsen nan? Mutanen nan ba su da dangi ne?"

Duk da haka ya yarda. Mako uku muna yawo, shi a gaba yana tari, ni a baya ina tura keke ina zana kibiyoyi a kan duwatsu. Kowace hanya da launinta: kore ta bi bakin kogi zuwa magangarar ruwa. Rawaya ta hau zuwa kogon da mutanen dauri suka yi zanen namun daji. Ja ita ce ta masu ƙarfin hali, ta haura har mashigin sama inda ungulu masu gemu suke shawagi ƙasa da kai, sannan ta sauko. Sau ɗaya tak tsohon ya hau keken. Ya matsa birkin gaba da dukan ƙarfinsa, ya tashi ta saman kan keken ya faɗa cikin garken Mme Mapulane, wato Inna Mapulane. Ya miƙe yana kakkaɓe kashin tumaki daga bargonsa, ya ce, "Doki ko banza yana gaya maka kafin ya yar da kai."

A kan hanyar ja muka yi saɓani. Daga mashigin akwai wani gangare mai faɗi da muke kira Doron Sa, ciyawa shar, babu dutse babu rami, ya miƙe tsaye har gindin tsauni. Da na tsaya a samansa sai da cikina ya yi daɗi. Shi kuwa Ntate Letlatsa ya juya hagu, ya kama wata hanya mai kwana-kwana da ke zagaye gangaren, wadda ke ƙara kusan minti arba'in, rabi ma sai an sauka an tura.

"Ntate, ga hanya a miƙe," na ce.

Ya dawo, ya caka sandar ƙarfensa a ƙasa. Ko tafin hannu ba ta shiga ba ta daki dutse.

"Ka ji? Iyakar ƙasar ke nan. Ciyawar nan ce kaɗai ke riƙe da ita. Ko akuya a karkace take ratsa wurin nan. In ka yi masa layi daga sama zuwa ƙasa, ruwa zai bi layin." Ya nuna gindin gangaren da haɓa. Can gonar Mme Mapulane take, bazawara mai jikoki huɗu a hannu, kusa da ita kuma idon ruwan da rabin ƙauye ke sha. "Kada ka zana nan, ɗana."

Na ce to, kuma a ranar har zuciyata na faɗa.

Amma baƙi sun tsani zagayen. Sukan iso ƙasa suna haki suna kallon Doron Sa suna girgiza kai. Wani dogo daga Johannesburg ya dafa kafaɗata ya ce in da ana saukowa ta nan, babu gangare irinsa a ƙasar nan, zai dawo da abokansa ashirin. Maganar ta zauna mini. A watan Satumba, kafin damina, na hau ni kaɗai da jan fenti na zana kibiyoyi bakwai a miƙe.

Ba zan yi ƙarya ba, saukar tana da daɗi. Iska na kuka a kunnenka, kwarin gaba ɗaya yana buɗewa a gabanka, baƙi na ihu kamar yara. Dogon ya cika alkawari. Cikin wata biyu tayoyi da birki suka kankare ciyawa, wani jan layi ya fito wanda ana hango shi daga ƙofar coci.

Ntate Letlatsa ya same ni a bakin masauki ina wanke sarkar keke.

"Motebang, me muka yi da kai?"

"Ntate, ayarin nan kaɗai. Suna tafiya zan goge."

Ya juya ya tafi. Washegari ya hau ya tare bakin gangaren da duwatsu da ƙaya. Mutumin da numfashi ke yi wa wuya, ya kwashe yini guda yana ɗaukar duwatsu a mashigi. Ni kuma kwana biyu bayan haka, da wani ayarin ya zo, na sa hannuna na kwashe su ɗaya bayan ɗaya na jera a gefe. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai har yau, fiye ma da fentin.

Ruwan ya zo a Janairu, tsakiyar daminar ƙasarmu, da la'asar, da ƙanƙara. Bai kai awa biyu ba. Da ya ɗauke muka fito, jan layin ya zama kwazazzabon da zai haɗiye mutum a tsaye. Ƙasar Doron Sa ta gangaro ta kwanta a kan masarar Mme Mapulane, wadda ta fara fitar da gemu, ta share fiye da rabi. Idon ruwa ya binne a ƙarƙashin laka da tsakuwa. Daga ranar mata sai sun sauka har kogi, tafiyar awa guda da bokiti a ka.

Morena, mai garinmu, ya kira taro a dandali. Mme Mapulane ce ta fara magana, ta nuna Ntate Letlatsa.

"Kowa ya gan ka kana gaba ana bin ka da fenti. Kai ne mai hanyoyi. Shekara ashirin kana hana mu taka nan, kana hana mu taka can, ashe Turawa kake ajiye wa! Me zan ba yaran nan, tayar keke?"

Morena ya ce, "Ntate Letlatsa, kai ka nuna hanyoyin keken nan?"

Ya miƙe ya cire hula. "Ni na nuna, Morena."

"Motebang, kana da abin ƙarawa?"

Ina zaune na ja bargo har hanci. Na tuna aikina, na tuna matata Nteboheleng da cikin wata bakwai, na tuna yadda mai masauki ba ya son sunansa ya fito a taron gari. Ntate Letlatsa bai waiwayo ya dube ni ba.

"Babu, Morena," na ce.

Aka yanke cewa amfanin gonarsa na bana na Mme Mapulane ne, kuma shi zai toshe kwazazzabon. Aka rufe gangaren. Ni aka ce mini kawai in goge kibiyoyin, aikin rabin awa.

Daga Fabrairu ya fara. Yana gina ƙananan ganuwoyi na dutse a cikin ramin, ɗaya sama da ɗaya kamar matakala, domin su tare laka, yana dasa ciyawa a gefe. Ni kuma na koma bin zagayen da baƙi, kuma daga kowace kwana ana hango shi can ƙasa, ya sunkuya, ya miƙe, ya dafa gwiwa yana tari. Wata baƙuwa ta tsaya ta ɗauke shi hoto, ta tambaye ni wane ne.

"Wani tsoho ne mai gyaran hanya," na ce, na taka keke na yi gaba.

Masu tsokanarsa a da sun daina. Yanzu wucewa suke yi ba sallama, wanda ya fi ciwo.

Nteboheleng ta sani, domin ita ta wanke wandon da jan fenti ya ɓata. Ba ta yi mini faɗa ba. Wata rana dai tana zuba mini tuwon masara da ganye, jaririn na bayanta, ta ce, "Yau na ga Ntate Letlatsa ya zauna a kan dutse ya kasa tashi. Ci abincinka, kada ya huce." Na ture kwanon gefe.

Sai a watan Yuni, sanyi ya shigo, na ɗauki shebur na sauka wurinsa. Ya kai ganuwa ta tara. Na tsaya a bakin ramin kamar wanda ya zo biko.

"Ntate, me ya sa ba ka faɗa musu ba?"

"An tambaye ni ko na nuna hanya. Na nuna. Sauran kai aka tambaya."

"Na ji tsoro ne."

"Na gani. Bargon ma ya gani." Ya yi tari mai tsawo, ya tofar. "Ka zo kuka ne ko aiki? Miƙo mini wancan mai faɗin. A'a, ba wannan ba, kai ko dutse ba ka iya zaɓa ba."

Mako biyar muka yi tare. Ya koya mini yadda ake kwantar da dutse ya jingina da tsauni, da yadda ake barin ƙofa a tsakiya don ruwa ya wuce a hankali. Bai sake ta da maganar ba, bai kuma ce ya yafe ba. Kullum ina cewa a raina gobe zan je wurin Morena.

A ƙarshen Yuli dusar ƙanƙara ta sauka kwana biyu. Na ce masa ya zauna a gida, ya ce ganuwa ta sha huɗu ba ta da ƙofa, in ƙanƙarar ta narke za ta rushe. Ya fita. Kwana uku bayan haka aka ɗora shi a kan doki zuwa bakin titi, numfashinsa kamar ana jan zarto. Daga asibiti 'yarsa ta wuce da shi Mafeteng, domin likita ya ce huhunsa ba zai ƙara ɗaukar iskar sama ba.

A taron watan Agusta na miƙe na faɗi komai, har da duwatsun da na kwashe. Na zaci za a yi ihu. Ba a yi ba. Sai Mme Mapulane ta gyara ɗaurin bargonta.

"Tun Afrilu na gane," ta ce. "Na je na tsaya ina kallon yadda yake aiki, na ce mai wannan hannun ba shi ya yi waccan ɓarnar ba. Na kai masa kunu sau uku, na kasa buɗe baki. Kai kuma sai da ya bar gari ka sami naka bakin."

Morena ya ɗora mini sauran aikin da noman gonar tsohon, a riƙa aika masa amfanin. Mai masauki ya dakatar da ni wata biyu, ya sake kirana da baƙi suka yi yawa.

Na je Mafeteng da buhun wake na farko. Na same shi a kujera a ƙofar gida, ya rame, yana kallon motoci. Na durƙusa na gaya masa na faɗa a gaban gari.

"To," ya ce. "Ganuwa nawa yanzu?"

"Ashirin da biyu, Ntate."

"Ka bar musu ƙofa?"

"Na bari."

"Ƙarya kake, na san aikinka. Ka koma ka duba ta sha takwas."

'Yarsa ta kawo shayi, muka sha. Ya tambayi tumakinsa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ko an yi musu askin gashi, ya tambayi sunan da muka sa wa yaro. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ɗan jima kafin ya sake.

Bai sake ganin kwarin ba. Ya rasu a damina ta biyu, aka binne shi can. Idon ruwan ya dawo shekara guda bayan haka, ba kamar da ba, bokiti ɗaya sai an yi hira kafin ya cika. Gonar Mme Mapulane har yanzu kashi ɗaya cikin uku tsakuwa ce, kuma duk Oktoba ni nake zuwa da shanu in yi mata huɗa. Tana amsa gaisuwata, tana ba ni ruwa in na nema.