Mutumin da ya hana Dangora kallon majigi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iske ni: Malam Garba na Ba'awa ya rasu.

Yawancinku ba ku san shi ba, ban kuma yi mamaki ba.

Tare muka gama Midil, tare aka ɗauke mu aikin motar majigi, tun Turawa ba su tafi ba. Mukan zaga Bebeji, Kiru, Tudun Wada har Doguwa.

A motar akwai akwatin ƙarfe na na'urar sauti, mai aljihun da ake zarowa a gyara a mayar. Doka ta ce a kashe inji kafin a zaro, kuma kada a mayar sai an ɗaura wayar da ke kai wuta ƙasa. Kowa ya haddace. Garba kaɗai ke bi. Yakan kafa turken ƙarfen wayar, ya jiƙa gindinsa da ruwan butarsa, mutane su ce tsafi yake yi.

Wata la'asar a Dangora maƙalin wayar nan ya karye. Ga manyan gari an riga an jera musu kujeru. Shugabanmu ya ce, "Tura aljihun haka, Garba. Yau kaɗai ne."

Garba ya dubi yaran da suka jingina da motar. "Ranka ya daɗe, in wuta ta bi ƙarfen nan, su za ta fara samu. Sai dai wani ya tura."

Babu wanda ya tura. Ba a yi majigi ba.

Aka ce taurin kai ne da shi, aka sallame shi, ya koma gona. Shugaban kuwa da lambar yabo ya yi ritaya. Tunda ba wanda ya mutu, ba wanda ya gode.

Duk kaka sai ya aiko mini da damin dawa, ko a shekarun da ban leƙa shi ba.

Bara na je gaishe shi, idonsa ya tafi. Ya laluba cajar wayata, ya ji an naɗe inda ta yage da leda. "Kai ma ka lalace, Malam," ya ce, yana dariya.

Na tambaye shi ko ya taɓa da-na-sani.

"Yaran nan duk sun yi jikoki."

Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya biya shi abin da mutane suka hana shi. Ku sa shi a addu'a, musamman ku 'yan Dangora. Wataƙila kakanku na cikin waɗanda suka jingina.