Mutumin da Ya Hana a Harbe Shanu Tamanin da Huɗu

Shanu tamanin da huɗu da aka ba da umarnin harbewa a wani garken turka da ke hanyar Bobi suna nan da ransu. Wanda ya tsaya musu shi ne mai ba su abinci, Baba Mailafiya, mutumin Tungan Magajiya, wanda ya shekara goma sha tara a wannan aiki. Abin ya faru ne makon jiya, farkon Disambar 1974, mil shida daga Kontagora.

Kullum da safe, kafin ya zuba dusa, Baba yakan bi shanun ɗaya bayan ɗaya. Ya taɓa kunne, ya duba laimar hanci, ya tsuguna ya fasa kashi da tsinke. In ƙwayar dawa ta fito ba ta narke ba, ya san bijimin ci kawai yake yi. Wanda ke tuƙa a natse, kashinsa a ɗaure, shi ne mai cin kaɗan ya yi nama. Sikelin garken bai taɓa ƙaryata shi ba.

Ranar Talata shanun suka fara zawo. Kafin Alhamis uku sun mutu, saura tamanin da huɗu. Sai aka ambaci sunan cutar da kowa ke tsoro: bushiya. Makiyayan Bobi suka kora shanunsu nesa, mahauta suka ɗauke ƙafa. Jami'in dabbobi, Malam James, ya iso da umarni: a harbe, a ƙone, a rufe kara.

Baba ya san bushiya, ita ta cinye garken mahaifinsa. Ya kama bijimi ɗaya ya buɗe bakinsa.

"Likita, duba. Ina gyambon bushiyar? Ina hawayen?"

"Baba, in ka yi kuskure, shanun ƙasar nan duka za su tafi."

"Na sani. Shinshina wannan." Ya miƙa masa tsinken. "Tsami ne. Manajan garken nan ya ce a rage ciyawa a ninka dusa su yi ƙiba da wuri, don Sallah da Kirsimeti sun haɗu. Na yi magana, ba a ji ba. Cikinsu ne ya ƙone."

"Wato kashin shanu ne littafinka?"

"Shi kaɗai na iya karantawa, Likita."

Malam James ya ba shi kwana uku, ya sa aka killace garken. Baba ya janye dusa, ya koma harawa da ruwan kanwa. Waɗanda suka gan shi sun ce kwana biyu bai ci abinci ba. Ranar Lahadi da hantsi shanu tamanin suna tuƙa.

Baba, kai ne ka tsuguna inda wasu ke toshe hanci. Kai ne ka ji tsoro kamar kowa, amma ka tsaya ka duba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu turka kuwa, ku je ku koya a wurinsa, domin ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Dakatar da umarnin aka yi, ba a soke shi ba. Sakamakon jinin da Malam James ya aika ɗakin gwaji bai dawo ba, kuma bijimai huɗu har yanzu ba su fara tuƙa ba.