Kaset Ɗari Shida Babu Suna

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, ina tsakiyar duba takardun jarrabawa sai 'yarka ta kira ni ta ce, "Anti, Baba ya cika." Na Allah muke, kuma hannunSa za mu koma. Na ajiye wayar, na ci gaba da duba takardar da ke gabana har ƙarshenta, kuma wallahi ban san makin da na ba mai ita ba. Sai da na miƙe na tuna cewa jibi Alhamis muka yi da kai zan zo gida da rikoda. Tun daga wannan rana, Malam, na kasa zama wuri ɗaya.

Shekara arba'in da ɗaya ka yi kana koyar da tarihi a jami'armu, ashirin da shida daga ciki kana farfesa. Amma a bayan idonka ba mai ce maka Farfesa. Wa-Ya-Ce muke kiranka, kuma ka sani sarai. Ni a makona na biyu a ajinka na san dalili. Na ɗaga hannu da rawar kai na ce, "Ai kowa ya san abin da ya jawo yaƙin." Ka cire tabarau, ka goge shi da bakin riga, ka ce, "Kowa? Ina gidansa? Ki kai ni mu gaisa." Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sannan ka juya ka rubuta tambayoyinka uku a allo: wa ya ce, a ina, yaushe. Ka ce duk maganar da ba ta amsa waɗannan ba, hira ce, ba shaida ba. A ranar ka sa mini 'Yar Garaje, kuma har na zama shugabar sashe ba ka sauya mini suna ba.

Da na haifi 'yata ta fari ina tsakiyar digiri na biyu, na rubuta takardar ajiye karatu na kai maka. Ka karanta, ka gyara mini kuskure biyu a ciki, ka jefa ta a kwandon shara. Daga nan ka mai da zamanmu falon gidanka. Matarka, wadda dukanmu ɗalibanka muke kira Mama, ita ke riƙe jaririyar, kai kuma kana bin babina da jan biro har ya dawo kamar an yanka kaza a kansa. Nakan fito da hawaye ina rantsuwar ba zan koma ba, mako ya zagayo in koma.

Littattafai biyar ka rubuta, amma abin da ka fi ji da shi yana cikin kabad ɗin ƙarfe na ofishinka. Duk hutu sai ka ɗauki tsohuwar motarka da rikoda ka shiga neman tsofaffi: ma'aikatan jirgin ƙasa, ungozomomi, tsofaffin sojoji, masu ɗab'i, matan da suka ciyar da gida lokacin babban yajin aiki. Kaset ɗari shida da sha biyu ka tara. Kakan ce mana, "In aka ce muku akwai tsoho mai labari, yau za ku je. Ban ce gobe ba."

Sai dai babu suna a jikin ko ɗaya, lamba ce kawai. Ka ɗauki yawancinsu a zamanin da baki ke jawo wa mutum ɗauri, ka kuma yi wa masu maganar alkawarin rufa musu asiri. Sunayen suna cikin wani littafi guda. Wata safiya aka zo aka birkita ofishinka, Allah Ya sa littafin yana gida. Da yammar ranar ka ƙona shi a bayan gida, sunayen suka koma cikin kanka.

Shekara uku da suka wuce ka kira ni. Ka ce zamani ya sauya, masu maganar sun rasu, 'ya'yansu kuma suna son a ambaci iyayensu. Ka ce, "'Yar Garaje, ki riƙa zuwa kina sa kaset ina faɗa miki mai maganar kina rubutawa. Jiya na nemi lambar wayata a kaina na rasa." Na ce to. Zama ɗaya muka yi, kaset sha ɗaya. Daga nan sai taron ƙara wa juna sani, sai jarrabawa, sai zaman majalisar jami'a, sai wata jarrabawar. Haba, ni da ake wa kirari da garaje! Ni da nake tsayawa gaban 'yan aji ɗaya ina maimaita musu maganarka ta yau ba gobe ba! Mun bi tsofaffin gari kaf da rikoda, mun manta da namu, domin a idonmu kai ba tsoho ba ne, Malam ne. Wannan laifin nawa ne, kuma ina jin kunyarsa.

Kwana goma da rasuwarka aka aiko takarda cewa a kwashe kayan ofishinka kafin ƙarshen wata mai zuwa. Na je wurin mai kula da ɗakin adana kayan tarihi, wanda shi ma ɗalibinka ne. Ya juya kaset ɗin a hannunsa ya ce, "Dakta, me zan rubuta a kati? Murya? Malam da kansa ba zai karɓa ba." Gaskiyarsa. Na koma na zazzage aljihunan teburinka, na bi gefen shafukan littattafanka, na kira tsofaffin abokan aikinka biyu. Babu komai. Ina buɗe kabad in rufe, in fita baranda in dawo in sake buɗewa.

Ranar Asabar na kasa haƙuri, na ɗauki rikodarka da kaset uku na tafi gida don in faɗa wa Mama abin da na yi. Na durƙusa gabanta na ce, "Mama, na zubar da aikin Malam." Ta bar ni na yi kukana, sannan ta ce, "Sa mu ji."

Na danna. Wani tsoho ya yi tari, ya fara magana. Bai kai jimla biyu ba Mama ta ɗaga hannu. "Wannan ai direban jirgin ƙasa ne mai yatsu huɗu. Shekarar da na haifi babban yayanku." Ta faɗi sunansa da na mahaifinsa da tashar da kuka haɗu. Na saki baki ina kallonta. Ta ce, "Me kike kallo? Shekara arba'in yana kwafe su a kan teburin cin abincin nan ina guga a gefensa. Jimla ɗaya sai ya mai da ita baya sau ashirin. In kalma ta shige masa duhu, wa kike zaton yake tambaya?"

Malam, ka yafe mini, amma sai na faɗa. A littattafanka biyar layi ɗaya ka ba ta, na godiya ga iyali da suka yi haƙuri. Mu ma da muka sha shayinta shekara da shekaru, babu wanda ya taɓa tambayarta abin da ta sani.

Na biyu ma ta gane ta, wata ungozoma ce. Na uku ta saurara har ƙarshe, ta sa na mayar, ta sake saurara. Ta girgiza kai ta ce, "Wannan kam Malam ya tafi da sunanta." Muryar matar kuwa tana ta ba da labarinta.

Mama shekarunta saba'in da huɗu, kuma numfashinta ba ya kai ta nisa. Da na tashi tafiya, ina ɗaure jaka, bakina ya suɓuce na ce, "Mama, in Allah Ya so zan dawo ranar Alhamis." Ta dube ni ta ce, "Alhamis kuma?"

Washegari na koma, kuma ban sake fashi ba. Mun kai kaset tamanin da bakwai, ta gane sittin da tara.

Ya Allah Ka ji ƙan Malam, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa abin da ya koyar ya riƙa binsa da lada. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa huɗu da jikokinsa, da 'yan'uwansa, da mu ɗalibansa da muka zama marayu da furfurarmu. Mama kuma, Allah Ya ba ki haƙurin wannan rashi, Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, kuma ba zan ɓoye ba, har da son kaina a cikin wannan addu'a. Amin.

Ƙarfe huɗu take jirana, ga shi har uku da rabi ta yi. A kowane kati ina rubuta mai magana da wuri da shekara, yadda ka koya mana. A ƙasa kuma, don na san za ka tambaya, ina rubuta: Mama ce ta ce.