Alawar da Na Ɓoye a Ɗankwali

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta Asabar ɗin da aka kira ni Islamiyyar 'yata ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Lokacin ina aikin naɗe alawa a wani kamfani a Challawa, muna zaune a Zawaciki. Mu matan sashen muna da wata ɗabi'a: in an kusa tashi, kowacce ta damƙi alawa ta cusa a ɗaurin ɗankwali, ta zura hijabi. Masu gadi maza ne, jaka kawai suke dubawa. Ba mu taɓa kiran abin sata ba, "ladan gumi" muke ce masa. Ni kuwa ga baki. In na dawo gida sai in zazzage ɗankwali a tabarma, ina ba maƙwabciyata labarin yadda na wuce mai gadi har da yi masa sannu da aiki, mu yi ta dariya. 'Yata tana gefe tana bitar hadisi, shekararta tara. Ni ce fa nake tashin ta sallar asuba, ni ce nake ja mata kunne a kan ƙarya.

Ashe an yi musu darasin amana a makaranta. Yarinyar nan ta ɗaga hannu a gaban aji ta tambaya ko alawar da Ummanta ke ɓoyowa daga wurin aiki halal ce ta sha.

Malamarsu dattijuwa ce mai kawaici. Ta shigar da mu ofis, ni da yarinyar, ta turo ƙofa.

"Ba tuhumarku nake ba," in ji ta. "Tambaya ta yi, na ga bai kamata in amsa ba sai na ji daga bakinku."

Ta buɗe mini hanya, wallahi ta buɗe mini. Da na ce na yi kuskure, da maganar ta mutu a ɗakin nan. Amma kunya da girman kai suka hana ni. Na gyara zama na ce, "Malama, kamfani ne ke ba mu. Ban san inda ta samo wannan zance ba."

'Yata ta ɗago ta dube ni. "Umma, ai ke kika ce mai gadi bai gani ba."

"Ƙarya take yi, Malama. Kwanan nan ta koyi ƙarya."

Malama ta juya wajen yarinyar ta tuna mata girman uwa da illar ƙarya, ta ce ta ba ni haƙuri. 'Yata ta durƙusa a siminti, ta ce, "Umma, ki yi haƙuri." Ni kuma na buɗe baki na ce na yafe mata. Wannan kalma ita ce mafi muni da na taɓa furtawa.

A hanyar gida ba ta yi kuka ba. Na so ta yi, ta ƙi. Daga ranar ta daina karanta mini abin da aka koya musu. In na yi mata nasiha sai ta sunkuyar da kai ta ce "To," ta ci gaba da abin da take yi. Na daina ɗaukar alawa a makon, amma wa ya amfana? Na yi ta cewa gobe zan je in gaya wa Malama gaskiya, gobe, gobe, har Allah ya yi wa Malamar rasuwa.

Sai ana gab da bikin 'yata na iya zaunar da ita na roƙi gafararta. Ta saurare ni cikin ladabi, ta ce, "Ba komai, Umma. Ai tun ranar na gane kowa haka yake, faɗa da baki kawai ake yi."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya bai yi mini amfani ba, sai dai ko ya yi wa wani. Makaranta za ta iya koya wa yaro gaskiya, amma a gida yake gwada ta, kuma a kanka zai fara. In ya zo maka da ita, ka karɓa ko da za ta kunyata ka. Ni na ƙi karɓa sau ɗaya, 'yata ba ta sake kawo mini ba.